Babi na 4: Zafi Uku da ke Hana Gashi Tsawo

"Wai ni me ya sa gashina ba ya tsawo?" Duk wadda ta taɓa zama a gindin dogon yaro tana jiran layin kitso ta ji wannan tambaya, in ma ba ita ta yi ta ba. Ana yin ta a Dogondutsi, ana yin ta a Matankari da Tibiri da Geceme, kuma amsar da ake bayarwa kusan ɗaya ce ko'ina. Wata ta ce gado ne, ai duk gidanku haka kuke. Wata ta ce ruwan garin ne bai karɓe ki ba. Wata kuma ta rage murya ta ce hannun makitsiyar ne, ki sake wata.

Gado yana da nasa rabo, ba na musu. Shi ke yanke kaurin sili da cikar kai da yawan shekarun da sili ɗaya zai yi kafin ya faɗi. Amma ita tambayar tun daga tushe an ɗora ta a karkace. In dai mace tana da lafiya, gashinta yana tsawo, yau ma ya ƙaru. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, wanda ya fito ɗin ina yake zuwa?

Rumbu mai ɓula

Wadda ta taɓa sa lalle ta san yadda jan ke hawa sama a farce, fari na biyo shi daga ƙasa. Haka gashi yake. Tsohuwar da ta rina furfura, bayan wata ɗaya za ta ga fari ya leƙo daga gindi. Gashin ɗan Adam yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, namu na baƙar fata ya ɗan gaza haka kaɗan. Mu ce santimita 10 a shekara. A shekara 2 an sami taƙi guda ke nan, a shekara 5 kuwa an kai kamu ɗaya. Kowane sili yana yin tsakanin shekara 2 zuwa 6 yana girma kafin ya huta ya faɗi, wani ya maye gurbinsa.

To, ga mace ta yi shekara 10 ba a aske mata kai ba, amma gashinta bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Lissafi ya ce ya kamata a ce tana tufke shi a ƙeya. Manomi ya fi kowa gane wannan matsala. In kana zuba damin gero a rumbu kowace kaka amma rumbun bai taɓa cika ba, ba gonar za ka tuhuma ba, ƙasan rumbun za ka leƙa, ko gara ta shiga ko ɓera ya yi hanya. Gashi yana shigowa ta gindi, yana fita ta baki. In abin da ke karyewa a baki ya yi daidai da abin da ke fitowa a gindi, tsawo zai tsaya cak kamar an dasa shi.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗin ido. Gashinmu nannaɗaɗɗe ne, da ya sha ruwa sai ya ƙanƙance, har ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka. Ja sili ɗaya a hankali ki gani. Sau da yawa tsawon yana nan, ɓuya ya yi. Kuma son fito da wannan ɓoyayyen tsawo fili shi ne ya kai mata da yawa ga wuta da magani.

Jinka da abin da ke ƙarƙashinta

Sili ɗaya, in aka sa shi a madubin likita, kamar ɗaki ne mai jinka. Daga waje akwai ɓawo mai hawa-hawa, wani kan wani, kamar yadda ake jera bunu daga ƙasa zuwa sama don ruwa ya zame. A ciki kuma akwai zaruruwa masu ƙarfi, su ne ke riƙe da silin. Duka an yi su ne da wani sinadari mai suna keratin, wanda da shi aka yi farce da ƙaho da kofato. Muddin bunun na kwance, cikin ɗaki lafiya. Da ya tashi ya zazzage, sai rana da ƙura da bushewa su sami hanya.

Abin lura shi ne, gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai. Ba ya jin ciwo, kuma ba ya warkewa. Fata in ta yanke takan haɗe, gashi in ya tsage ya tsage ke nan. Bakin gashin da ya kai kafaɗa ya shekara 3 ko 4 a duniya, ya ga hunturu huɗu da bazara huɗu, ya sha mataji sau ɗaruruwa. Shi ne dattijon kai, kuma shi aka fi wulaƙantawa.

Namu gashin yana da wani rauni na daban. Silinsa ba zagayayye ba ne kamar tsinke, ya ɗan faɗaɗa kamar ganyen kaba, kuma yana murɗewa a wurare da yawa. Kowace murɗa gaɓa ce da za ta iya ɓallewa. Sannan maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarawa cikin sauƙi a kan hanya mai kwana-kwana, shi ya sa bakin ke zama a bushe. Ƙara da iskar hunturu, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu take tsotse danshin duk abin da ta tarar a Arewa, daga leɓe har dunduniya, sai bazara ta karɓa da zafin da ke haura digiri 40. Gashin da ke zaune a irin wannan ƙasa ba ya buƙatar a ƙara masa wani zafi. Amma muna ƙara masa har guda uku.

Zafin wuta

Ranar Layya, in aka ɗora kai da ƙafa a wuta ana babbaka, akwai wani ƙauri da ke cika unguwa. Wadda ta taɓa zama aka gasa matajin ƙarfe a garwashi aka ratsa mata shi a kai ta san wannan ƙauri, don shi ne dai. Keratin ne ke ƙonewa, na rago ko na mutum.

Ƙarfen miƙar da gashi na lantarki da ake gani a shagunan gyaran kai na Yamai da Doso, har ma da Dogondutsi, yana kaiwa digiri 180 zuwa 230. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. In aka matse gashi mai sauran danshi tsakanin ƙarafa biyu masu irin wannan zafi, ruwan da ke cikin silin yana tafasa nan take, ya yi kumfa ya fasa shi daga ciki. Ko gashin a bushe yake, zafi mai yawa yana canza keratin kamar yadda yake canza ƙwai, kuma dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Matajin garwashi ya fi haɗari ta wata fuska, don babu mai sanin zafinsa sai an ji ƙauri.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ranar farko. Gashi ya kwanta, yana sheƙi, iska na kaɗa shi, amarya ta fito kowa na yabawa. Bayan wanki biyu ko uku sai a ga wasu wurare sun ƙi komawa yadda suke, sun yi laƙwas kamar tsohon zare, suna zubowa a kafaɗa. A ƙauyukan da lantarki bai kai ba, wannan zafin bai yi ɓarna sosai ba, kuma na sha raya wa kaina cewa rashin wuta ya yi wa kawunan matan karkara wata rana da ba a lissafa ba.

Zafin magani

Na biyu shi ne man miƙar da gashi, wanda a Nijar ake ce wa defirizan, ƴan'uwanmu na Kangiwa da Birnin Kebbi kuma su ce rilaksa. Matan da ke haɗa sabulu a gida sun san soda, sun san yadda take cin hannu in aka yi sakaci, shi ya sa suke sa safar hannu suna juyawa da dogon itace. Sinadarin da ke cikin da yawa daga waɗannan mayuka shi ne wannan soda ɗin. Waɗanda aka rubuta musu "babu soda", har da na yara masu hoton ƴan mata suna murmushi a kwali, wani ɗan'uwanta ne a ciki, kuma aikinsu ɗaya: su tsinka ƙullin da ke riƙe da zaruruwan cikin sili don ya saki ya miƙe. Ƙullin da aka tsinka ba ya sake ƙulluwa. Gashin ya miƙe, amma ƙarfinsa ya ragu har abada.

Daga nan sai a shiga tarko. Bayan wata 2 sabon toho ya fito da murɗarsa, tsohon yana miƙe, kuma mahaɗar su biyun ita ce wurin da ya fi saurin karyewa. Sai a sake shafawa, maganin ya hau kan wanda aka riga aka shafa wa. Ga kuma al'adar nan ta cewa sai an ji yana cin kai sannan ya kama. Wannan cin da ake ji ƙuna ce, kuma ɓawon da ke fitowa washegari gyambo ne.

A shekarar 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000 na tsawon shekaru kusan 11. An ga cewa waɗanda ke amfani da mayukan miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka waɗanda ba su amfani da su wajen kamuwa da sankarar mahaifa. Binciken ya nuna alaƙa ne, bai yanke hukunci cewa man ne ke haddasa cutar ba, amma ya isa ya sa uwa ta yi tunani kafin ta shafa wa ɗiya mai shekara 6.

Zafin hannu

Nan ne maganar ta zo gida, don wannan ba daga kanti aka sayo shi ba. Hausa ta yi gaskiya da ta kira matsewar kitso da sunan zafi. Mukan ce wance tana da zafin hannu, kuma abin mamaki, sau da yawa yabo ne. Kitsonta yana fita tsaf, tsaga kamar an ja da alƙalami, ba ya tashi da wuri, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ina tuna jajibirin wata Sallah ina ƙarama, kaina a cinyar wata tsohuwa makwabciyarmu, ina hawaye. Na ce, "Inna, sassauta mini, da zahi." Ta ƙwanƙwasa mini tsinke a ka ta ce, "Zamna, ɗiyata, ado ba ya samuwa a kwance." Daren nan a kife na kwana, washegari ko sujada da ƙyar na yi don fatar goshina ta ɗame kamar ganga. Kowa ya yaba kitson. Babu wanda ya kula da ƴan ƙurajen da suka jeru a gaban goshi.

Waɗannan ƙuraje su ne kukan saiwar gashi. Turke, in akuya ta yini tana jansa, ba ranar farko yake tugewa ba, amma ramin yana faɗaɗa kullum. Saiwar da ake ja mako bayan mako tana kumbura, gashin ya faɗi, ya sake fitowa siriri, a sake ja, ya sake faɗi. A farko abin yana gyaruwa in an daina. In aka ɗauki shekaru ana yi, ramin yakan toshe da tabo, kuma daga nan babu man da zai fito da gashi a wurin, ko daga ina aka kawo shi. Dubi matan da goshinsu ya ja baya, gefe da gefe ya yi sul sai ƴan tsirarun gashi a bakin iyaka. Mukan ce tsufa ne ko haihuwa, alhali a mafi yawan lokaci tarihin kitso ne a rubuce.

Wata likitar fata ƴar Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ta duba kawunan mutane a wata unguwa ta birnin Cape Town a binciken da aka buga a 2007, ta tarar kusan mace 1 cikin 3 tana da irin wannan zubewar gashi. Ta kuma nuna cewa abin ya fi tsanani in aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka riga aka shafa wa magani. Wato zafi biyu in suka haɗu, ɓarnarsu ta fi ta kowanne shi kaɗai. In aka ƙara da meshi, wato ƙarin gashi, nauyinsa na rataye a ƴan silin da aka kama shi da su, sai ya zama jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Malamai sun daɗe suna magana a kan ƙarin gashi ta fuskar addini, ga shi likitoci sun zo ta tasu hanyar sun tarar da su.

Ba cewa nake a bar kitso ba. Kitso shi ne babbar garkuwar gashinmu: yana tattara silin wuri ɗaya, ya ɓoye baki, ya hutar da kai daga mataji na makonni. Kakanninmu masu doka ba su san diraya ba, kuma gashinsu ya ishe su ado. Gyaran da ake buƙata kaɗan ne, wuyarsa dai sai an buɗe baki an faɗa. A bar ƴan gashin gaban goshi su sha iska, ba dole sai an kamo kowane ɗaya ba. Manyan layuka sun fi ƙanana sauƙi ga saiwa, ko da ƙananan sun fi daɗewa. In wannan karon shuku aka yi, wanda ke jan komai sama, karo na gaba a yi wanda zai kwanta baya ko gefe, don kada ja ya dawwama a wuri ɗaya. Mako 2 zuwa 4 ya isa, a tsefe, a bar kai ya huta kwana biyu. Kuma in kitso ya kai mace ga shan farasitamol, ko ya hana ta ɗaga gira, to a warware layin gaba a daren, kuɗin da aka biya bai kai goshi daraja ba.

Mafi yawan ɓarnar nan jajibirin Sallah da ranakun biki ake yin ta, lokacin da makitsiya ke da kawuna goma a gabanta, kowa na sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ta je kwana 3 kafin cunkoso takan sami hannu mai sanyi.

Zare ya riga ƙarfe

To in ana son gashi ya miƙe, tsawonsa ya bayyana, ba wuta ba magani, yaya za a yi? Amsar tana kan ƴan matan da ke wasan gaɗa a dandali. Kitson zare, wanda muka mayar na yara da na ƙauye, tsohuwar hanya ce ta miƙar da gashi a wannan yanki na duniya. A tsaga kai gida-gida, a kama kowane gida a naɗe shi da baƙin zare daga gindi har baki. Gashin yana bushewa a miƙe cikin zaren. Bayan kwana 2 ko 3 in aka warware, sai ya sauko da tsawonsa, da laushi, kamar an bi shi da diraya.

Dalilin yana da sauƙi. Ban da ƙulli mai ƙarfi da soda ke tsinkawa, akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a cikin sili waɗanda ruwa ke kwancewa, bushewa kuma ta sake ɗaure su a duk siffar da ta tarar da gashin. Kamar kaba ce: a jiƙa ta, a lanƙwasa, ta bushe a haka, in an sake jiƙawa ta koma. Zare da waɗannan yake aiki, shi ya sa ba ya barin illa. Yarbawa na kiran wannan kitso irun kiko, kuma mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara tara hotunan kitso a 1968 har ya tara kusan 1,000, ya adana siffofinsa masu ban mamaki. Yau ƴan matan Landan da Paris suna koyon sa a YouTube, mu kuwa muna jin kunyar fita da shi.

Shi ma yana da ƙa'ida. Kada a fara naɗi daf da fata, a bar ɗan sarari, in ba haka ba an koma gidan jiya na zafin hannu. Zaren auduga ko na ulu ya fi na roba, don roba tana hana gashi shan iska kuma takan yanke sili in ta matse. Kada a naɗe gashi yana ɗigar ruwa, a bari ya sha iska tukuna. Wadda ba ta da haƙurin zare, manyan kalaba guda 6 ko 8 a kan gashi mai ɗan danshi suna yin rabin aikin.

Akwai tambayar da mata kan yi a nan, ta wankan tsarki. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce ba dole ne mace ta warware kitsonta ba, ta dai cuɗa shi ruwa ya shiga. Amma malaman Malikiyya sun bambanta kitson da aka yi da gashi zalla da wanda aka naɗe da zare mai yawa, wanda suka ce a warware shi. Saboda haka mata da yawa sukan ajiye kitson zare sai kwanakin da ba su salla, kuma kwanakin sun isa ya gama aikinsa.

Yoɗo, magarya da mai

Yawancin karyewar gashi ba a wurin ado take faruwa ba, a wurin wanki da taza ne. Mai dafa wake ta san abin da kanwa ke yi: tana sa ƙwaya mai tauri ta saki. Sabulun wanki da garin Omo danginta ne, suna tayar da bunun nan na jikin sili, su kwashe maiƙo kaf, gashi ya fito yana ƙara kamar busasshen kara. Sai a kawo ƙaramin mataji a shiga daga gindi da ƙarfi. Ƙarar da ake ji, ɗas-ɗas, tsawon wata 6 ne ke zuba a tabarma.

Yoɗo, wanda wasu ke kira karkashi, yana fitowa da kansa a gonakin Arewa da damina, mun fi saninsa a miya. A jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, a tace, a zuba a kai. Yauƙin yana sa sili ya zame kan sili, ƙulli ya warware da yatsa ba tare da an ja ba. Matan Chadi suna amfani da shi haka, suna kiransa ambunu, kuma da wannan suna ake ƙulla shi a leda ana sayarwa Turai da tsada. Garin ganyen magarya shi kuma yana ɗan kumfa, yana wanke datti ba tare da ya bushe gashi ba. In kai ya yi dauɗa sosai, sabulun salo ko shamfu mai sauƙi a fatar kai kawai, sannan yoɗo ya biyo baya. Taza kuwa a yi ta gashi na da danshi da santsi, gida-gida, da yatsa tukuna, sannan babban mataji mai faɗin haƙora, daga baki a hau zuwa gindi.

Game da mai, akwai kuskuren da ya yaɗu. Mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi, mai murfi ne da ke hana ruwan gudu. Shafa mai a busasshen gashi kamar rufe tulu ne babu komai a ciki. A yayyafa ruwa tukuna, sannan a bi da mai kaɗan, a fi ba baki. Man kaɗe da ke zuwa daga wajen Gaya ya fi dacewa da hunturu saboda kaurinsa. Man gyaɗa da matanmu ke matsewa wajen ƙuli-ƙuli, da man riɗi, da man aduwa, duk suna yi. Man shanu na Fulani yana laushi ƙwarai, illarsa wari in ya kwana biyu cikin zafi. Cusa mai a fatar kai har ya toshe ta ba ya sa gashi fitowa, ƙura yake tarawa, kuma yakan ƙara wa mai amosani damuwa.

Haka nake kallon shebe na Chadi da ake ta talla a waya. Matan da suka shahara da shi suna kwaɓa garin da mai, su shafe jikin gashin, su kitse, su bar shi kwanaki ba mai taɓawa. Garin bai taɓa saiwa ba balle ya sa ta sauri. Abin da ya yi shi ne ya toshe ɓular rumbu, kuma rabin aikin na kitson ne da barin gashi ya huta.

Ranar tsifa, da abin da ke kan kai kullum

Mata da yawa suna tsorata ranar tsifa in suka ga dunƙulen gashi a hannu. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. In kitso ya yi mako 4, waɗanda suka faɗi ba su sami hanyar fita ba, sun taru sun haura 1,400, duk a rana ɗaya za su fito. Ga yadda ake ganewa: ɗauki sili ki duba. In dogo ne kuma da ɗan farin kai a gindinsa, wa'adinsa ne ya cika. In gajeru ne, gutsi-gutsi, babu farin kai, wannan karyewa ce, a nan ne za a bincika wane zafi ne cikin ukun. A tsefe da haƙuri daga baki, da ɗan mai a yatsa, kuma a cire dattin da ya dunƙule a gindin kitso kafin ruwa ya taɓa shi, in ba haka ba sai ya cukurkuɗe ya zama sai almakashi. Almakashin ma ba abokin gaba ba ne: bakin da ya tsage gara a datse shi kaɗan, don tsagar tana hawa sama kamar yagewar zane. Tsinke da mataji kuma kowa ya je da nasa, musamman yara, don ta nan makero ke yawo daga kai zuwa kai, shi kuwa sai maganin sha daga likita.

Saura abubuwan da ba a lissafa su cikin gyaran kai. Igiyar guga ba wuƙa ba ce, amma dubi yadda ta sassaƙa itacen bakin rijiya. Kallabin da ake tamkewa a wuri ɗaya kullum, da hular cikin hijabi mai roba, haka suke cin gaban goshi. Mai ɗaukar tulu ko itace ta sa gammo mai taushi, ta kuma guji kitson da ke tara tudu a tsakar ka. Da dare a ɗaura ƙyalle mai santsi, don auduga tana shan mai tana jan sili. Kada a rufe jiƙaƙƙen kai, a bari ya bushe a inuwa. Ban da wannan, rufe kai da muke yi alheri ne ga gashi, yana tare masa rana da ƙurar hunturu.

Duk abin da aka faɗa a wannan babi game da gashin da ya riga ya fito ne. Akwai kuma matan da ba su taɓa wuta ba, ba su san magani ba, makitsiyarsu mai sanyin hannu ce, amma wata 3 bayan haihuwa sai gashi ya yi ta zuba da farin kansa, ko yarinya ta taso gashinta ja-ja siriri kamar gemun masara. Wannan daga cikin jiki yake, kuma babi na gaba zai shiga maganar jego da ƙarancin jini da abin da ke cikin tukunya, daga wake da zogale har zuwa hanta.